Bashi Hanji Ne: Tarihin Waƙoƙin Led Zeppelin

Shekara 12 kacal ƙungiyar Led Zeppelin ta yi tana kiɗa, daga 1968 zuwa 1980. A tsakanin nan samari huɗu 'yan Ingila, Jimmy Page mai jita, Robert Plant mai rerawa, John Paul Jones mai jitar bes da fiyano, da John Bonham mai ganguna, suka fitar da faifan sutudiyo takwas waɗanda har yau ba a lissafin manyan ayyukan kiɗan rok a tsallake su. Mai sauraro abin da zai fara ji shi ne ƙara da nauyi. Wanda kuwa ya bi salsalar kowace waƙa zai tsinci kansa a gonakin auduga na Misisipi, da tsaunukan Wales, da hanyar hamada a kudancin Maroko, daga ƙarshe kuma a zauren kotu. Da kayan aro suka fara, suka koyi narka su har suka koma wani abu dabam, amma sun daɗe kafin su yarda su faɗi wurin wanda suka aro.

Daga Misisipi zuwa Landan

Kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Ya yi ƙarfi a yankin Delta na jihar Misisipi a farkon ƙarni na 20: mutum ɗaya da jitarsa, yana kukan talauci, da ambaliya, da gidan yari, da soyayyar da ta watse. A wannan al'ada baiti ba shi da ubangida ɗaya. Mawaƙi zai ji ɗango a bakin wani, ya ɗauka, ya ƙara masa gishiri, ya rera a matsayin nasa, ba wanda zai ce masa kanzil. Robert Johnson ya ɗauka daga Son House, Muddy Waters ya ɗauka daga su biyun.

Da baƙaƙe suka yi ta ƙaura zuwa biranen arewa neman aikin masana'antu, kiɗan ya bi su har Shikago, inda aka haɗa jita da lantarki don ta rinjayi hayaniyar mashaya. Kamfanin faifai na Chess ya zama matattara. Can Muddy Waters da Howlin' Wolf suka yi tashe, can kuma Willie Dixon, mai kaɗa bes, ya zauna yana rubuta musu waƙoƙi. A riƙe sunan Dixon, zai dawo.

A Ingila kuwa, a 1956, Lonnie Donegan ya yi kasuwa da "Rock Island Line", tsohuwar waƙar da Lead Belly ya shahara da ita. Nan take yara suka bazama neman jita mai araha. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jimmy Page, wanda aka haifa a 1944, aka kuma nuna shi yana kiɗa a talbijin na BBC a 1957 yana ɗan shekara 13. Muddy Waters ya zagaya Ingila a 1958, sannan daga 1962 aka riƙa kawo tawagar makaɗan buluz Turai shekara-shekara. Mutanen da fararen Amurka ba su ɗauke su bakin komai ba, sai ga samarin Birtaniya sun mayar da su malamai.

Haɗuwar mutum huɗu

Kafin duniya ta san sunansa, Page ya yi shekaru yana ƙwadagon kiɗa a sutudiyon Landan. A kira shi da safe ya kaɗa wa wannan, da yamma ya kaɗa wa wancan, a biya shi ya tafi. Aiki ne mara suna, amma a nan ya koyi sirrin naɗar sauti: inda ake kafa makirufo, da yadda tazara tsakaninsa da ganga ke ba sauti zurfi. A 1966 ya shiga ƙungiyar Yardbirds. Da ta watse a Yulin 1968, sai aka bar shi da alkawuran wasanni a ƙasashen arewacin Turai da dole a cika.

Mawaƙin da ya fara nema, Terry Reid, ya ƙi, amma ya nuna masa wani saurayi ɗan shekara 19 daga yankin Birmingham, Robert Plant. Plant ya kawo abokinsa John Bonham, wanda suka taɓa kiɗa tare a Band of Joy, kuma an san shi da dukan ganga har masu gidajen rawa su yi ƙorafi. John Paul Jones, abokin ƙwadagon Page a sutudiyo, gwanin tsara kiɗa, shi ya kawo kansa. A Agustan 1968 suka haɗu a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a titin Gerrard na Landan, suka gwada "Train Kept A-Rollin'", waƙar da Tiny Bradshaw ya fara naɗa a 1951. Ran 7 ga Satumba suka yi wasansu na farko a Gladsaxe ta ƙasar Denmak da sunan New Yardbirds. Sabon sunan da suka ɗauka daga baya, Led Zeppelin, ya samo asali ne daga wata raha ta 'yan ƙungiyar The Who, cewa irin wannan haɗaka za ta rikito kamar balan-balan ɗin dalma.

Faifai biyu na 1969

Faifansu na farko a sutudiyon Olympic aka naɗe shi cikin sa'o'i kimanin 36, a kan fam 1,782. Da yake ba kuɗin wani kamfani aka taɓa ba, manajansu Peter Grant ya je wa kamfanin Atlantic da aikin da aka riga aka gama, ya kuma samo musu 'yancin da ba kasafai ake ba sababbi ba: su ne masu ta cewa a kan abin da za a fitar. Faifan ya fito a Janairun 1969.

Idan aka zauna aka tsefe shi, kusan kowace waƙa tana da uwa a wani gida. "You Shook Me" da "I Can't Quit You Baby" na Willie Dixon ne, kuma an rubuta sunansa. "Babe I'm Gonna Leave You" Page ya ji ta ne a faifan Joan Baez na 1962, ya ɗauka tsohuwar waƙar gargajiya ce, alhali wata Ba'amurkiya Anne Bredon ce ta ƙirƙire ta. "Black Mountain Side" ta bi sawun yadda Bert Jansch ya kaɗa wata tsohuwar waƙar Ayalan a 1966, sai dai Page ya sa Viram Jasani ya raka shi da tabla, ƙananan gangunan Indiya. "Dazed and Confused" kuwa ta Jake Holmes ce, wanda ya rera ta a New York a Agustan 1967 a daren da ya buɗe wa Yardbirds fage. A faifan, sunan Page kaɗai aka sa.

Sai dai wanda ya saurari ta Holmes sannan ya saurari tasu zai ji inda hannunsu ya shiga. Ta Holmes 'yar ƙaramar waƙa ce mai sanyin tsoro. Su kuwa suka sa bes ya riƙa gangarowa a hankali, Page ya ɗauki sandar goga tsirkiya irin ta masu goge yana gogar jitar lantarki tana kuka, sannan Bonham ya ɓarke da gudu. A kan dandamali waƙar ta riƙa tsawo shekara bayan shekara, har ta kai rabin sa'a. Wannan sauyi daga raɗa zuwa tsawa, wanda Page ke kira haske da inuwa, shi ne jarinsu na farko.

Faifai na biyu a kan hanya aka yi shi, tsakanin wasa da wasa, a sutudiyo daban-daban na Ingila da Amurka. Ya fito a Oktoban 1969, ya kuma ture "Abbey Road" na Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. A nan ne rif, wato gajeren karin jita da ake ta maimaitawa a gina waƙa a kansa, ya zama ginshiƙi. Rif ɗin "Whole Lotta Love" na Page ne, a gidansa na bakin kogin Thames a Pangbourne ya ƙago shi. Amma baitocin da Plant ya ɗora daga "You Need Love" suke, waƙar da Dixon ya rubuta, Muddy Waters ya naɗa a 1962. "The Lemon Song" ta tsaya a kan "Killing Floor" ta Howlin' Wolf. Farko da ƙarshen "Bring It On Home" kwaikwayon Sonny Boy Williamson ne a wata waƙar Dixon. Duk ukun ba a ambaci masu su ba. Page ya ce daga baya shi kullum yakan sauya kiɗan, aikin Plant ne ya sauya baitoci, kuma ba kullum yake sauyawa ba. Plant ma bai musa ba.

Bukkar da ba lantarki

Bayan shekara ɗaya da rabi suna zirga-zirgar Amurka, gajiya ta kama su. A bazarar 1970 Plant ya ja Page zuwa Bron-Yr-Aur, wata tsohuwar bukkar dutse kusa da Machynlleth a Wales, inda iyayensa ke kai shi hutu yana yaro. Ba lantarki, ba famfo. Dole suka koma jitar katako, kuma a nan ne su biyun suka fara zama su ƙirƙiri waƙa tare daga tushe. "That's the Way" 'yar wannan zama ce.

Faifai na uku, na Oktoban 1970, ya buɗe da "Immigrant Song", wadda Plant ya rubuta bayan wasan da suka yi a Reykjavik ta ƙasar Ayislan a watan Yuni, yana tuna mayaƙan jiragen ruwa na arewacin Turai. Amma fiye da rabin faifan sanyi ne da jitar katako. "Gallows Pole" tsohuwar waƙar baka ce ta Turai a kan wanda za a rataye yana roƙon a fanshe shi. Ta tsallaka teku ta faɗa bakin Lead Belly, ta dawo Ingila ta faifan Fred Gerlach. Wannan karon an rubuta cewa ta gargajiya ce. 'Yan jarida sun yi wa faifan ba'a, suka ce masu tsawa sun koma kwaikwayon masu sanyi. Ba su lura ba cewa ƙungiyar ta samo ƙafa ta biyu ne, wadda ba da ita ba, da ba a yi abin da ya biyo baya ba.

Gidan Headley Grange

Haushin 'yan jarida ya sa suka fitar da faifai na huɗu, ran 8 ga Nuwamban 1971, ba suna, ba ko sunan ƙungiyar a bangonsa, sai wasu alamomi huɗu a ciki. Yawancinsa a Headley Grange aka naɗa, wani tsohon gida mai sanyi a Hampshire da aka gina a 1795 don ajiye matalauta. Suka ajiye motar naɗar sauti ta Rolling Stones a ƙofar gida, suna kwana suna tashi da aikin.

Kowace waƙa a nan da yadda ta zo. Ana fama da wata waƙa mai wuyar kari ta ƙi zama, sai Bonham cikin fushi ya ɓarke da buɗewar gangar "Keep A-Knockin'" ta Little Richard, Page ya bi shi, nan take aka haifi "Rock and Roll". "Black Dog" rif ne mai karkace-karkace da Jones ya tsara, aka raɗa mata suna saboda wani baƙin kare da ke yawo a harabar gidan. "The Battle of Evermore" ta fito ne ranar da Page ya ɗauki mandolin ɗin Jones yana wasa da ita, aka kuma gayyato Sandy Denny ta yi wa Plant amshi. Ita kaɗai ce baƙuwar da ta taɓa rerawa a faifansu.

"When the Levee Breaks" ce ta fi nuna inda suka kai. Asalinta waƙar Memphis Minnie da mijinta Kansas Joe McCoy ce ta 1929, a kan ambaliyar kogin Misisipi ta 1927 wadda ta raba mutum fiye da 600,000 da gidajensu, aka kuma tilasta wa baƙaƙe aikin toshe madatsa da bakin bindiga a Greenville. Injiniya Andy Johns ya sa aka kafa gangunan Bonham a ƙasan matakalar gidan, ya rataye makirufo biyu daga sama, ya bar tsayin ginin ya kumbura sautin, ya ƙara masa amsa-kuwwa da na'ura. Abin da ya fito duka ne mai nauyi da jinkiri, wanda daga baya mawaƙan hip-hop suka yi ta yankowa, irin su Beastie Boys a 1986. Baitocin na 1929 ne, tsoron da ke cikin kiɗan kuwa nasu ne. Sun kuma sa sunan Memphis Minnie kusa da nasu.

Sai "Stairway to Heaven", mai minti takwas. Page ya tsara ta ne ta riƙa hawa mataki-mataki: jitar katako da sarewar Jones, sannan jitar lantarki, ganga ba ta shiga sai an wuce minti huɗu, gudu na ƙaruwa har a kai ga kukan jitar da ya yi da jitar Telecaster ɗin da Jeff Beck ya ba shi. Ƙa'idar sutudiyo ita ce kada gudun kiɗa ya sauya, shi kuwa da gangan ya karya ta. Plant ya rubuta yawancin baitocin a gefen murhu a Headley Grange, a kan wata mace da ke ganin komai da kuɗi ake saye. Sun fara rera ta a Belfast ran 5 ga Maris 1971. Sun ƙi sayar da ita ita kaɗai a ƙaramin faifai, don haka duk mai son ta sai ya sayi babban. A Amurka kaɗai an sayar da kwafi fiye da miliyan 20.

Hanyar Maroko

Tun kafin nan kunnuwansu na gabas. Page ya daɗe yana ɗaure tsirkiyoyin jitarsa da wani salo da Davey Graham ya ƙago a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya ji masu kaɗa ud, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Plant ya taso a yankin da 'yan Indiya da Pakistan suka yi yawa, ya kuma sha faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta girgiza shi da ya ji ta a Marakish. A 1972 su biyun suka shiga sutudiyo a Bombay suka gwada "Friends" da "Four Sticks" da makaɗan garin, naɗin da bai fito a hukumance ba sai 2015.

Faifan "Houses of the Holy" na 1973 gwaje-gwaje ne: "D'yer Mak'er" ta taɓa regen Jamaika, "The Crunge" ta tsokani salon James Brown, "No Quarter" ta ba fiyanon lantarkin Jones fili. A watan Mayun shekarar suka tara mutum 56,800 a filin wasa na Tampa, suka karya tarihin da Beatles suka kafa.

A 1973 ɗin ne Plant ya bi doguwar hanyar da ta tashi daga Guelmim zuwa Tan-Tan a kudancin Maroko, siririyar kwalta a tsakiyar hamada, tafiya ba ta ƙarewa. Daga nan baitocin "Kashmir" suka fito, ko da yake a lokacin ba ɗayansu da ya taɓa taka Kashmir. Page da Bonham suka aza harsashin kiɗan a Headley Grange. Jita tana tafiya uku-uku, ganga tana tafiya huɗu-huɗu, sai bayan bugu 12 su sake haɗuwa, abin da ke sa mai sauraro ya ji ana tafiya ba a isa ba. Jones ya lulluɓe ta da goge da ƙahoni. Ta fito a tagwayen faifan "Physical Graffiti" a Fabrairun 1975, ƙarƙashin kamfaninsu na kansu, Swan Song. A cikinta akwai ƙamshin Maroko, da na Masar, da na Indiya, amma ba wani mutum guda da zai tashi ya ce tawa ce. Plant ya ce ya fi son a tuna su da ita a kan "Stairway to Heaven".

Duk da haka tsohon hali bai tafi ba. A faifan nan akwai "In My Time of Dying" mai minti 11, wadda tushenta waƙar coci ce da makahon mawaƙi Blind Willie Johnson ya naɗa a 1927. Sunayensu huɗu aka jera. Johnson ya mutu cikin talauci a Texas tun 1945, ba mai yi masa magana.

Shekarun jarrabawa

A Agustan 1975 Plant da iyalinsa suka yi mummunan haɗarin mota a tsibirin Rhodes na Girka. Yana kan keken guragu aka naɗi "Presence" a Munich cikin kwana 18. Faifai ne busasshe, jita da bes da ganga, kuma "Achilles Last Stand" ita ce zuciyarsa, inda Page ya jera jita bisa jita. "Nobody's Fault but Mine" ma daga Blind Willie Johnson take. A Afrilun 1977 suka tara mutum 76,229 a Pontiac, amma a Yuli, suna tsaka da zagayen Amurka, aka aiko wa Plant cewa ɗansa mai shekara 5 ya rasu. Aka soke sauran wasannin.

Da suka dawo a ƙarshen 1978, a sutudiyon Polar na ƙungiyar ABBA a Stockholm, duniya ta sauya. Samarin sabon salon kiɗan fank suna kiran su tsofaffin dodanni. Page yana fama da ƙwaya, Bonham da barasa, sai ragamar ta koma hannun Jones da sabuwar na'urarsa ta Yamaha. Shi ya sa "In Through the Out Door" na 1979 ya bambanta da sauran. "Fool in the Rain" ta ɗauko samba, bayan sun ji irin kiɗan a lokacin gasar cin kofin duniya ta 1978. "All My Love" kuwa ta'aziyyar Plant ce ga ɗansa, kuma Page ba ya cikin waɗanda suka rubuta ta.

Wasansu na ƙarshe a Berlin aka yi, ran 7 ga Yulin 1980. Ran 25 ga Satumba aka tarar da Bonham ya mutu a gidan Page kusa da Windsor, bayan wunin shan barasa, yana da shekara 32. Ran 4 ga Disamba sauran ukun suka ba da sanarwar ba za su ci gaba ba. Dalilin a cikin waƙoƙin yake: a kan dandamali kullum sauyawa suke, da ido da kunne ake bin juna, kuma ba wanda zai shigo daga waje ya san inda Bonham zai juya.

Ranar wanka

Masu bashi sun zo ɗaya bayan ɗaya. A 1972 Arc Music, reshen haƙƙin mallaka na Chess, ya kai ƙara kan "The Lemon Song" da "Bring It On Home", aka sasanta a wajen kotu. A 1985 Willie Dixon da kansa ya shigar da ƙara kan "Whole Lotta Love", aka sasanta a 1987, aka ƙara sunansa. An gano Anne Bredon, aka biya ta, sunanta ya hau faifai daga 1990. Jake Holmes ya jira har 2010 kafin ya je kotu, daga baya aka riƙa rubuta cewa daga gare shi aka samo waƙar. Bert Jansch bai kai ƙara ba har ya rasu a 2011.

Babbar shari'ar ita ce ta "Stairway to Heaven". A 2014 mai kula da gadon Randy California, mai jitar ƙungiyar Spirit, ya ce buɗewar waƙar daga "Taurus" ta 1968 aka ɗauko ta. Ƙungiyoyin biyu sun taɓa hawa dandamali ɗaya, har da wasan Led Zeppelin na farko a Amurka, a Denver, ran 26 ga Disamban 1968. A Yunin 2016 masu taya alƙali yanke hukunci a Los Anjeles suka ce kamannin bai kai na sata ba. Lauyoyin Page sun nuna cewa irin wannan gangarowar sauti ta yi ɗaruruwan shekaru a kiɗan Turai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Maris 2020, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Oktoba.

Masu kare su sukan ce ai buluz ɗin ma da aro ya ginu, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma da saura. Lokacin da Robert Johnson ya ɗauki baitin Son House, talaka ne ya ɗauka daga talaka, ba wanda ya je ya yi rajista. Lokacin da Led Zeppelin suka ɗauka, sun rubuta sunayensu a takardar da ke kawo miliyoyi. A gefe guda kuma, ba su kaɗai suka ci haƙƙin tsofaffin ba: a 1977 Dixon da Muddy Waters sai da suka kai Arc Music ɗin ma kotu kan kuɗin waƙoƙinsu.

Bayan watsewa

Plant da Page sun koma inda suka sha ruwa, wannan karon da sallama. A 1994 suka zauna a Marakish suka yi kiɗa da 'yan Gnawa, jikokin bayin da aka tsallakar da Sahara daga Afirka ta Yamma, waɗanda har yau ke ambaton Bambara da Fulani da Hausawa a waƙoƙinsu. Suka kuma sake "Kashmir" tare da makaɗan Masar ƙarƙashin Hossam Ramzy. A 2003 Plant ya je bikin hamada na Essakane kusa da Tambutu, inda Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa, daga baya kuma ya ɗauki Juldeh Camara ɗan Gambiya, mai kaɗa riti, ɗan'uwan kukuma, cikin ƙungiyarsa. Sau ɗaya sauran ukun suka yi cikakken wasa tare, a Landan ran 10 ga Disamban 2007, ɗan Bonham, Jason, yana kan ganguna.

Willie Dixon ya rasu a 1992. Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ne ga gidauniyar Blues Heaven da ya kafa don taimaka wa makaɗan buluz su san haƙƙinsu, su kuma ƙwato shi. Yau gidauniyar tana zaune a tsohon ginin kamfanin Chess, lamba 2120 a titin South Michigan na Shikago. Wanda ya sayi faifan Led Zeppelin na biyu a bugun yanzu zai ga sunaye biyar a ƙarƙashin "Whole Lotta Love", na biyar ɗin na Dixon ne. Sai da aka je kotu, aka kuma shafe shekara 18, kafin a rubuta shi.